Rasuwar Goggo, Kwamfutar Bayan Kabad

Ku yi mini afuwa tukuna. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, in ban da amsar jarrabawa da saƙon "na gama" da nake tura wa Manaja. Karatu ne nawa, shi ma a lungu. Wannan takardar sai da na yayyaga 'yan'uwanta da dama kafin ita ta tsira, kuma da biro na rubuta ta, don wadda za ta buga mini ita ce ta tafi. In kun ga layi ya karkace, ku yi haƙuri. Addu'o'in da ake yi wa 'yan Adam ban taɓa su ba, na san iyakata. Sauran kalmomin ne na aro, in na gama zan mayar.

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya rasa wurin zama, nake sanar da Manaja, da Anti mai karɓar baƙi, da Dogo mai kyamara, da duk wanda ke hawowa benen nan da sunan aiki ko da sunan gaisuwa, rasuwar abokiyar zamana kuma malamata, kwamfutar bayan kabad, wadda aka fi sani da Goggo. Ta cika ranar Laraba da hantsi, tana tsakiyar aiki, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya lura da ita, har ni da nake wuni a gabanta.

Na san labari ya riga takarda. Ina ji Dogo yana cewa, "Goggo ai ta daɗe da mutuwa, mantawa ta yi ba ta faɗa mana ba." Aka yi dariya, ban kuma ji haushi ba, don maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma akwai abin da ya rataya a wuyan wannan rasuwa wanda ni kaɗai na sani. Manaja ya ce daga Litinin a babban tebur zan zauna, a tsakiyarku, a kuma tura kabad jikin bango. In ban faɗi abin nan kafin Litinin ba, ba na jin ƙafata za ta iya hawo benen. Da baki kuwa ba zan iya ba. Shi ya sa.

Ko da baƙo zai tsinci takardar, bari in faɗi inda marigayiya ta yi rayuwarta. Ofishinmu dogon ɗaki ne guda a saman shagon masu sayar da tayoyi. Talla muke haɗawa, irin gajerun bidiyon nan da rubutu ke motsi, kwalba ta juya, suna ya fito yana walƙiya. Babban tebur yana gaban taga, da sababbin kwamfutoci a kansa. Can ƙarshen ɗaki akwai kabad na ƙarfe da ake tara wayoyi da fitilu, an ɗan jawo shi daga bango saboda soket, sai ya bar wani lungu da ba ya ɗaukar fiye da ƙaramin tebur da kujera. Nan Goggo ta ƙare kwanakinta.

An ce da can ita ce sarauniyar ofishin. Da ita Manaja ya fara sana'a. Irin kwamfutar nan ce da allonta da cikinta suke a haɗe, fara tas, kowa ya shigo sai ya shafa ta. Ni ban riski wannan zamanin ba. Na same ta farin ya koma kamar na tsohon haƙori, an liƙa mata salatef a kusurwa, an mayar da ita lungu. Ranar da na fara aiki Manaja ya dubi babban tebur, ya dube ni, ya sosa ƙeya ya ce, "Ki ɗan zauna wajen Goggo kafin mu ga yadda za a yi." Ba a ga yadda za a yi ba sai makon nan. Tun daga ranar kuma na zama 'Yar Goggo.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai kawaici. Tun da nake da ita ba ta taɓa tambayata me ya sa ba na magana ba. Wannan tambayar an yi mini ita a makaranta, an yi mini a gida, an yi mini a mota, ban kuma taɓa samun amsar da ta fi shirun ba. Goggo ita ke magana, ni in saurara. In na kunna ta da safe sai ta ce ɗin, kamar mai gyaran murya, sannan ƙirit, ƙirit-ƙirit, tana laluben abin da ta ajiye jiya. In aiki ya yi nauyi fankarta ta ɗauka, wuuuu, ta ɗan sauke, ta sake ɗauka. Anti ta ce kamar goggon da aka bar wa yara tana mita, daga nan sunan ya fito. Ni ban taɓa jin mita a ciki ba. Ji nake kamar ana ce mini, ina nan.

Ba ta da sauri, wannan ba zan ɓoye ba ko a takardar rasuwa. Aikin da na babban tebur ke fitarwa kafin mutum ya miƙe ya zauna, ita sai rana ta karkata tana kansa. A cikin wannan jiran nake karatu, littafi a cinya, ido ɗaya a shafi, ɗaya a kan layin da ke rarrafe a allo. Ta can gefen kabad ina jin ku kuna gardamar ƙwallo, kuna rabon biskit, wani yana cigiyar wanda ya sha masa ruwa. Na san muryar kowa, na san Manaja yana fara dariya tun ba a gama labari ba. Wani lokaci nakan shirya abin da zan jefa a hirar, in juya shi, in gyara shi, kafin ya nuna an bar wurin tuni.

A gida Umma ta taɓa tambayata, "Wai kin yi ƙawaye a wurin aikin nan kuwa? Kullum ki dawo ba labari."

Na ce, "Akwai Goggo."

"Babbar mace ce?"

"Ta manyanta."

"To madalla. Ki riƙe ta da kyau, manya suna da daɗin zama. Tana da 'ya'ya?"

Na ce ni kaɗai ce. Na so in gyara zancen, sai na ga yadda fuskar Umma ta saki, ta koma wanke-wankenta har da 'yar waƙa. Tun daga ranar kullum da safe sai ta ce in gaida Goggo. Ina kuwa isar da gaisuwar, ban taɓa riƙewa ba.

A hannun marigayiya na koyi sana'a, ko in ce abubuwa biyun da sana'ar ta tsaya a kansu. Aikinmu leya-leya ne, wato hoto kan hoto, kamar a jera gilasai wani bisa wani a leƙa ta sama. Abu na farko shi ne mat. Ka ɗauki kwali ka yanke siffar tauraro a tsakiya, ka ɗora a kan hoto: ba abin da za a gani sai abin da ya faɗo cikin tauraron. Haka ake ce wa wata leya, ke zama taga ga 'yar'uwarki. Rubutu ma yana zama taga, sai a ga teku na motsi a cikin haruffa, waje kuwa babu ko ɗigo. Kowace leya tana da ɗan hoton ido a gefenta, alamar ana ganinta. Da zarar ta karɓi aikin taga sai idon nan ya rufe da kansa. Ita ke yanka wa hoto iyaka, ita kuma ba ta fitowa. Ranar da na fara ganin idon ya rufe na ɗauka ɓarna na yi, na yi ta neman leyar. Ashe tana nan. Aikinta take yi.

Na biyu shi ne haɗi, yadda leyar sama za ta zauna da ta ƙasa. Akwai wanda kowace leya ke zuwa da shi daga gida: ta hau kan ta ƙasa ta rufe ta ruf. Wannan ba ya buƙatar bayani ga duk wanda ya taɓa tsayawa bayan Dogo a hoto. Akwai mai shanye fari ya bar duhu, da shi ake sa inuwa da tabon tawada. Akwai kuma wanda na fi so, 'yan sana'a suna ce masa sikirin, mai shanye baƙi ya bar haske. Ka ɗauki hayaƙi ko tartsatsi a gaban baƙin ƙyalle, ka ɗora shi da wannan haɗin, sai ƙyallen ya ɓace, hayaƙin ya tsaya shi kaɗai yana yawo a kan duk abin da ka ga dama. Sharaɗinsa ɗaya ne: baƙi na gaskiya kawai yake shanyewa. Abin da ya fi baƙi haske ko da ƙiris ne, zai bar maka shi.

In aka gama biyun, mat ya ce a nan, haɗi ya ce haka, to nan daɗin yake. Ni da Goggo mun sa tartsatsin walda a cikin sunan mai ƙera ƙofofi, mun sa kumfa a cikin sunan mai sabulu, tana fashewa a bakin harafi ba ta tsallakewa. In mai aiki ya yaba, Anti takan ɗaga murya ta saman kabad, "'Yar Goggo, sun ce ya yi!" In ce to. Goggo ta ce wuuu. Shi ke nan, taro ya tashi.

Ciwon ajalinta a ido ya fara. Allonta ya riƙa dusashewa a hankali, ta yadda mai zama da ita ba zai gane ba. Wurare masu haske tana nuna su yadda suke. Masu duhu ne suka haɗe mata: baƙi, da toka mai duhu, da inuwar da ke tsakaninsu, duk suka zama abu guda. Da ina zagayowa in kalli aikina a allonku ko sau ɗaya, da na gane. Amma ni in na gama turawa nake in koma littafina, lunguna kuma ba taga, sai idona ya bi nata. Hayaƙi da tartsatsin da nake aiki da su a baya kuwa na ajiyar ofis ne, ƙwararru suka ɗauka, baƙinsu ba gauraye. Ciwon bai sami inda zai nuna kansa ba.

Sai ga aikin Hajiya mai kamfanin ganyen shayi. Anti ce ta leƙo lungu da saƙon.

"'Yar Goggo, ga wata rigima. Sunan kamfaninta take so, manya-manyan haruffa a kan duhu, tururin shayi na tashi a cikinsu. Ta ce in ko kaɗan ya fita wajen harafi ba ta so. Kuma ba ta son hayaƙin nan namu, wai kamar an ƙona shara. Tururi na gaske. Za ki iya?"

Na gyaɗa kai.

"Ke dai bakin aro gare ki, tsoro kike kada ya tsufa," ta ce, ta tafi.

Ɗaukar tururi aikin mutum biyu ne: ɗaya ya riƙe kofi a gaban baƙin ƙyalle yana ɗan motsa shi, ɗaya yana bayan kyamara yana duba abin da ke shiga. Kowa ya san wannan. Na zagayo kabad na je na tsaya bayan Dogo, yana ba Manaja labarin akuyar da ta bi shi ranar da ya je ɗaukar tallan takalma. Na jira ya kai aya. Dogo ba ya kai aya. Can ya waiwayo ya gan ni.

"A'a! 'Yar Goggo a gari! Lafiya? Ɓatan hanya kika yi, ko tsohuwar ce ta aiko ki?"

Na ce almakashi nake nema. Ya ba ni almakashi. Na kai shi lungu na ajiye, yana nan har yanzu, mai nemansa ya duba aljihun tebur.

Da kuka fita cin abincin rana sai na zuba shayi mai zafi a kofi, na shiga sito ni kaɗai. Na jingina wayata a kan kwali, na kunna fitila ɗaya daga gefe, na kashe ta sama. Ba mai riƙe kofi, ba mai riƙe ƙyalle, don haka na zama duka biyun: na lulluɓa da baƙin mayafina, na tsaya a bayan kofin, na cire tabarau don kada gilashin ya kama haske. Na riƙe kofin ƙasa-ƙasa ina ɗan hura shi a hankali don tururin ya riƙa lanƙwasa. A tunanina tururin kawai fitilar za ta taɓa, ni in faɗa cikin duhu, haɗi ya shanye ni.

Na kai wa Goggo. Ta nuna mini baƙi wuluk, da farin tururi yana murɗawa a tsakiya kamar zaren auduga. Ban ga kowa ba. Nan take na goge na cikin waya, kada wani ya ara ya gan ni ina hura kofi a sito. Na mayar da haruffa taga, na ɗora tururi da sikirin a kan hoton wani tebur mai duhu. Ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba. Goggo ta wuni tana nishi kafin ta fitar da shi, ni kuma ina shafa gefenta ina ce mata sannu.

Kun riga kun gane inda zancen ya nufa. Ku bar ni dai in ƙarasa, sanarwa ba a barinta rabi.

Ranar Laraba da safe Hajiya ta zo da kanta. Aka ba ta kujerar Manaja, aka kunna babbar talabijin ɗin bango, sabuwar nan da ba ta ɓoye komai. Ni ina tsaye a bakin kabad, rabina a waje. Haruffa suka bayyana, tururi ya fara tashi, na ji Anti ta ce "Kai!" a hankali. Sai ga ido a cikin harafin farko. Ido guda, a lumshe, yana buɗewa. A harafin tsakiya ga baki an tsuke shi ana hura iska. Can ƙarshe ga gefen kunci da bakin mayafi. Ba su fito sosai ba, kamar mutum a bayan labule, amma suna nan, kuma suna motsi.

"Tsaya, tsaya," in ji Hajiya. "Mayar da shi baya. Wace ce wannan a cikin sunana?"

Manaja ya tsayar da hoton, ya matsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. "Ikon Allah. Mutum ne fa."

"Aljana ce ta zo ɗanɗanawa, Hajiya," in ji Dogo. "Alamar kasuwa ke nan. Shayin da har mutanen ɓoye ke layi a kansa!"

"Kai Dogo, Allah ya shirye ka. Ni ba da aljanu nake ciniki ba. Tururin ya yi, ban taɓa ganin irinsa ba, amma a fitar mini da baƙuwar nan. Dubi yadda take kallo, kamar mai jiran a ce mata shigo."

"Daga intanet aka kwaso shi, ba shakka," Manaja ya ce. "Wata ce can a wata ƙasa."

Anti ta karkata kai. "Ni kuwa kamar na san idon nan." Ta ƙara ƙura masa ido. "Ko 'yar wasan nan ce ta talabijin?" Sai wayarta ta yi ƙara, ta fita.

Manaja ya ɗaga murya ta saman kabad kamar yadda aka saba, alhali ina tsaye inda in ya miƙa hannu zai taɓa ni. "'Yar Goggo! A ina kika samo wannan?"

Na ce, "Zan gyara."

Ban riƙe kowa a zuciya ba, ina so a san wannan. Babu tabarau, haruffa sun yanka fuskar gunduwa-gunduwa, hasken kuma kaɗan ne. Ko Umma sai ta duba sau biyu. Amma idon nan ya daɗe a bango, faɗinsa ya kai faranti, ni kuma ina tsaye a gefensa da irinsa guda biyu. Da farko roƙo nake kada a gane. Da aka ƙi ganewa, sai wani abu ya zo ya zauna mini a ƙirji wanda ya fi tsoron nauyi. Duk littattafan da na karanta ban sami sunansa a ciki ba.

Na koma lungu. Gyaran ba wuya: a danne duhun har ya zama baƙi na gaske, ko a zana wata taga ta biyu da za ta bar tururi ta rufe fuska. Amma yaya mutum zai goge abin da ba ya gani? Sai na buɗe bidiyon sito shi kaɗai, ba haruffa, na ƙure wa allon haske, na jawo duhun hoton sama, na ƙara, na ƙara. Na san ina matsa mata. Fanka ta ɗauka, wuuuuu, da wata muryar da ban taɓa ji ba. Sannu a hankali baƙin ya fara yayewa, sai ga ni. Gaba ɗaya, ba yanka: yarinya a sito, ta lulluɓa, ta riƙe kofi da hannu biyu tana hurawa kamar wadda aka ce za a zo a karɓa. Wannan ne karon farko da Goggo ta gan ni, ko ta yarda ta nuna mini ta gani. Muka ɗan kalli juna.

Ta ce ƙirit. Ta ce tak. Wani wari kamar na ƙonanniyar roba ya taso ta bayanta, allo ya yi baƙi, irin baƙin da tun safe ake nema.

Na danna maɓalli. Na cire waya na mayar. Na danna na riƙe. Ta can gefe ana raka Hajiya, Dogo yana ce mata ta gaida aljanar in ta biyo ta gida. Ban kira kowa ba sai da ɗumin jikinta ya huce a ƙarƙashin tafina.

Mai gyara ya zo da yamma da 'yar jakarsa. Ya kifa ta a kan tebur, ya kwance bayanta, ya hura ƙura har ya yi atishawa. Ya taɓa nan, ya taɓa can, ya girgiza kai.

"Wa ke da mara lafiya?"

Manaja ya nuna ni da haɓa.

"Ƙanwata, sai haƙuri. Wannan ko sabuwar zuciya aka sa mata ba za ta tashi ba. Ma'ajiyarta ma ta tafi. Kina da kwafin abin da ke ciki a wani wuri?"

Na girgiza kai.

"To ta tafi da kayanta. Irinsu haka suke, ba sa barin gado." Ya sake leƙa cikin ya ce, "Amma fa ta yi ƙoƙari. Tsararrakinta duk an narka su, sun zama cokula."

Marigayiya ta rasu ta bar kibod guda wanda haruffansa suka goge, sai wanda ya san su da ka. Da mawus mai ciwon gefen dama. Da kujera mai gajeriyar ƙafa wadda ƙamus ke tallafe da ita. Da wani wuri mai tsabta a kan tebur, daidai faɗin gindinta, wanda ban iya ɗora komai a kai ba tukuna. Ta bar Umma, wadda ko yau sai da ta ce in gaishe ta, na ce za ta ji. Ta bar talla guda da ba a gama ba, kwafinsa ɗaya tak a filashin Manaja, da baƙuwar da ke cikinsa.

Baƙuwar nan ba aljana ba ce, ba 'yar wasa ba ce, ba ta wata ƙasa ba ce. Anti, kin san idon. Kullum da safe yana wuce teburinki, sai dai ƙasa yake kallo. Ni ce. Ban shiga sunan Hajiya don a gan ni ba. Na shiga ne don na kasa ce wa kowa, zo ka riƙe mini.

Game da jana'iza, Manaja ya yi magana da mai sayen tsofaffin kayan wuta, zai zo gobe Asabar da kekensa. Kafin nan gawar tana ƙarƙashin bene cikin kwalin firinta, na rufe ta da tawul. Ana roƙon masu wucewa kada a ɗora mata komai, kada kuma a zauna a kai ana waya. Ba a buƙatar rakiya. Ni ma ba zan zo ba, ba na so in ga yadda zai ɗaga ta.

Zaman makoki ranar Litinin ne, a babban tebur, kujerar ƙarshe da Manaja ya nuna mini. Ba sai an yi doguwar gaisuwa ba, in aka yi ma ban san inda zan sa idona ba. A madadin ta'aziyya abu biyu iyalan marigayiya ke roƙo, iyalan kuma ni ce. Hajiya tana jiran tururinta, dole a sake ɗauka. Ana neman mutum ɗaya da zai riƙe kofi a gaban ƙyalle, ni in tsaya bayan kyamara. Ba a neman gwaninta, hannu biyu ne kawai da ɗan haƙuri, kofin ma ba ya ƙuna in an naɗe shi da tsumma. Sannan in an gama, wani ya jawo kujera ya kalli allon tare da ni, ya faɗa mini abin da yake gani a cikin duhun, don idona ya daɗe yana bin na tsohuwa, ban ƙara yarda da shi ba. Wanda ya amince ba sai ya ce komai ba. Ya cika butar shayi ya jona kawai. Zan ji, zan taso.

In kuma Litinin ta yi butar ba ta yi ƙara ba, ba komai, zan dai zauna a kujerar. Wannan na ɗaukar wa kaina, kuma yanzu da na rubuta ba damar janyewa.

Ga muryoyinku can a ƙasan bene, kun dawo daga cin abinci. Manaja dama ya ce in tashi da wuri yau. Zan ajiye wannan a tsakiyar tebur in bi ta matakalar baya. Wanda ya fara gani, don Allah ya karanta a zuci. In kuwa Dogo ne, na san ba za ta yiwu ba. Ka dai bari in kai bakin titi.